HAYAƘIN WANI, GONAR WANI

Jama'ar Saulawa, da na Paki, da Auchan, da Gubuchi, da Hunkuyi, da Likoro: A wannan mako za mu ajiye zancen taki da na hanya, ko da yake ba su ƙare ba, mu ɗauko wata magana wadda ake ta yi da Turanci a manyan otal-otal na Abuja, alhali kuwa a gonakinku za ta sauka. Maganar ita ce ta ajiyar hayaƙi. Kada wani ya yi dariya, domin kuwa akwai kuɗi a cikinta masu yawan gaske, kuma duk inda aka ce kuɗi da gona sun haɗu, mun san wanda ya saba kwana a ciki.

Bari mu fara da bayani, don kada a ce mun yi hukunci ba mu karanta ƙara ba. Duk abin da aka ƙona, ko fetur ne, ko kwal, ko gas, ko itacen girki, yana fitar da wata iska wadda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Masana suna ce da ita kabon dayoksaid, mu kuwa za mu riƙa ce mata iskar kabon don sauƙi. In ta taru a sama sai ta zama kamar bargo, zafin rana ya shigo ya kasa fita duka. Kafin Turawa su fara aikin masana'antu, in aka kasa iskar duniya kashi miliyan ɗaya, wajen kashi 280 ne nata, yau kuwa ta haura 420. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa duniya take ƙara zafi, damina take rikicewa, wata shekara ruwa ya ɗauke masara tana goyo, wata shekara ya zo da ambaliya ya kwashe rake a fadama.

To, wa ya yi wannan aika-aika? Mutum guda a Amurka yana fitar da fiye da tan 13 na wannan iska a shekara. Mutum guda a Nijeriya bai kai tan ɗaya ba, in ma an haɗa da na masu manyan motoci da jiragen sama an raba mana daidai. Afirka duka ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa ba. Watau dai wani ne ya hura wuta, hayaƙin ya cika ɗakin kowa.

Da abin ya dame su sai masu masana'antun suka nemi dabarar da za su rage hayaƙin ba tare da sun kashe wutar ba, suka samo hanya biyu. Ta fari, a tare iskar a bakin bututun masana'anta, a matse ta, a tura ta can ƙarƙashin ƙasa ta cikin rijiya mai zurfi. Ta biyu, a bar wa itatuwa aikin, gama itace yana shan wannan iska ta ganyensa yana gina jikinsa da ita, har ma kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne tsantsa. Daga nan ciniki ya taso. Kamfani a Ingila ko Dubai zai ci gaba da ƙona mansa, sa'an nan ya biya kuɗi a ba shi takardar shaida cewa wasu itatuwa a wata ƙasa sun shanye masa tan kaza. Kakanninmu suna da suna ga irin wannan, cinikin biri a sama, sai dai wannan karon birin ma ba a ganinsa.

Mu ba mu ce kada a gwada ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da muke so jama'a su lura da shi shi ne yadda masu abin suka yi gwajin a ƙasashensu. A shekarar 1996 ƙasar Norwe ta fara tura iskar a ƙarƙashin teku a wani wuri da ake kira Sleipner, wajen tan miliyan ɗaya a shekara, kuma abin da ya sa kamfanin ya yi haka shi ne gwamnatinsu ta ɗora haraji a kan hayaƙi tun 1991. A shekarar 2003 ma'aikatar makamashi ta Amurka ta kasa ƙasar shiyya bakwai, kowace shiyya aka haɗa jami'o'i da kamfanoni da hukumomin jiha, aka ce su binciki duwatsunsu da dazuzzukansu. Sun yi shekara biyu suna auna ƙasa da zana taswira kafin su fara ƙananan gwaje-gwaje. A jihar Arizona, a 2009, suka haƙa rijiyar gwaji, suka tarar dutsen ba shi da ƙofofin da iska za ta shiga, suka haƙura suka rubuta cewa wurin bai yi ba. A garin Decatur na jihar Illinois kuwa suka tura tan miliyan ɗaya daga 2011 zuwa 2014, suna auna kowane motsi. Duk da wannan kaffa-kaffa, a 2024 aka gano cewa iska ta zurare daga inda aka ajiye ta a rijiyoyin wannan gari, har aka dakatar da aikin na wani lokaci.

Mafi kusa da mu shi ne na Aljeriya, a yankin In Salah, can cikin Sahara, maƙwabtan Tuwat inda Shehu Magili ya biyo ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Daga 2004 zuwa 2011 kamfanonin BP da Sonatrach da Statoil suka tura tan miliyan 3.8 cikin wani dutse mai zurfin kusan kilomita biyu. Tauraron ɗan'adam ya riƙa auna wurin daga sama, aka ga ƙasar tana kumbura kaɗan-kaɗan, aka sami alamar cewa dutsen da ya kamata ya zama murfi ya fara tsagewa daga ƙasa. Sai suka tsaya. Ba wanda ya mutu, ba garin da aka tasa, domin a hamada aka yi, kuma akwai masu aunawa da suka faɗi gaskiya.

Ku riƙe wannan, za mu komo kansa: an auna kafin a fara, an auna ana cikin yi, da aka ga alamar matsala aka tsaya, kuma aka buga sakamakon kowa ya karanta.

Yanzu mu dawo gida. Ita dai waccan hanya ta rijiya ba ta ƙasarmu ba ce, kuma ba sai an kira masani daga waje ya gaya mana ba. Ana bukatar dutse mai laushi mai shan ruwa, irin na yashi da ya daskare, a zurfin da ya wuce mita 800, kuma da wani dutse mai tauri a kansa kamar murfin tukunya. Kowane mai haƙar rijiya daga Ikara zuwa Kudan ya sani, in ka wuce jar ƙasa da marmara ba da nisa ba za ka ci karo da fa, irin dutsen Kufena da ya leƙo sama a Zariya, kuma haka yake har ƙasa. Irin wancan dutse mai ramuka yana yankin Neja Delta, da kwarin Binuwai, da wajajen Bida, da Sakkwato, da Tafkin Chadi. Saboda haka duk wanda ya zo Saulawa da zancen haƙa rijiyar hayaƙi, to wani abin yake nema.

Kafin mu wuce, muna da tambaya ɗaya ga gwamnatin tarayya. Tun 1979 aka yi dokar hana kamfanonin mai ƙona gas a sarari, aka ce daga watan Janairu na 1984 an daina. Yau fiye da shekara 40 ke nan, wutar tana nan tana ci dare da rana a kan ƙauyukan Neja Delta. Gwamnatin da ta kasa kashe wutar da kowa ke gani da idonsa, yaya za mu amince mata da tsaron iskar da ba a gani a ƙarƙashin ƙasa? Wannan iska in ta fito da yawa lokaci guda tana kwanciya a ƙasa ta shaƙe mai rai. A watan Fabrairu na 2020 bututunta ya fashe kusa da ƙauyen Satartia a Amurka, mutum 45 suka je asibiti. 'Yan'uwanmu na kudu su ma su buɗe ido.

To, in ba rijiya ba, me ake nema wurinmu? Ƙasa da itatuwa. Ga yadda abin yake tafe. A watan Nuwamba na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya je taron Glasgow ya yi alkawari cewa a shekarar 2060 Nijeriya za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take shanyewa, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. A watan Disamba na wannan shekara Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, na gyaran ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja, da nufin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya, kuma jiharmu ta Kaduna tana ciki. A lura, bashi ne, ba kyauta ba ce, jikokinmu za su biya. A 2022, a taron Masar, aka ƙaddamar da shirin kasuwar kabon ta Afirka, wadda ke hanƙoron sayar da takardun tan miliyan 300 kowace shekara kafin 2030. A watan Disamba na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya je Dubai ya sanar da kwamitin buɗe wannan kasuwa a Nijeriya. Wa aka sa cikin shugabannin kwamitin? Shugaban hukumar tara haraji ta ƙasa. Daga nan mai hankali ya san inda aka dosa. Ba mu ji an kira taron manoma a Ikara ko a Makarfi an tambaye su ra'ayinsu ba.

Mun ce mai hankali ya san inda aka dosa ne domin wannan hanya mun taɓa bin ta. Dattawanmu ba su manta da gandun daji ba. Da dokar daji ta 1916 da wadda ta gaje ta a 1937, Turawa suka sa En'e ta yi ta shata dazuzzuka tana kafa alama. Wurin da kakanka ya yi kiwo, uwarka ta yi itace, mai magani ya saro saiwa, sai ka wayi gari ya zama haramun. Malamin daji ya zama abin tsoro kamar dogari. Ba a tsaya nan ba, har itacen da ke tsakiyar gonarka aka lissafa wasu aka ce ba ka da ikon sara sai da takarda. Me talaka ya koya daga wannan? Ya koyi cewa itace jawo tara ne, gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami kafin malamin daji ya gan shi. Dazuzzukan da aka kore mu daga cikinsu kuwa, ku dubi abin da suka zama. Kamuku a Birnin Gwari, wadda aka shata tun 1936, da Falgore nan maƙwabtanmu a jihar Kano, sun yi shekaru suna zaman mafakar ɓarayin shanu da masu satar mutane. A watan Maris na 2021 daga cikin makarantar koyon aikin daji ta Afaka aka kwashi ɗalibai 39. Hukuma ta iya hana tsohuwa ɗiban itace, amma ta kasa hana ɗan bindiga kafa sansani.

Wani zai ce ai wannan zamanin Turawa ne, yanzu an waye. To ga na yanzu. A 2008 gwamnatin jihar Kuros Riba ta hana saran itace a dajinta duka, ta kafa rundunar tsaro, don ta shiga tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na biyan kuɗin kare daji. A 2011 aka amince wa Nijeriya dala miliyan 4 na share fage. Aka yi tarurruka, aka yi rahotanni, masu ba da shawara suka karɓi ladansu. Mutanen ƙauyukan da suka tsare dajin tun kaka da kakanni suka yi shekaru suna kukan an toshe musu hanyar abinci, babban kuɗin kabon da aka yi musu alkawari bai iso ba, manyan ɓarayin katako kuwa ba su fasa ba. A ƙasar Uganda ƙungiyar Oxfam ta ba da rahoto a 2011 cewa an tashi mutane fiye da 20,000 a gundumomin Mubende da Kiboga don wani kamfanin Ingila ya dasa itatuwa, ko da yake kamfanin ya ce ba shi ya kore su ba. A 2023 wani kamfanin Dubai mai suna Blue Carbon ya nemi a ba shi ikon kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasar Laberiya har shekara 30. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ko su masu sayen ma ba su tsira ba. A watan Janairu na 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus suka buga bincike cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na takardun kare daji da babbar hukumar tantancewa ta duniya ta sa wa hannu, da alama ba su rage hayaƙin komai ba. Hukumar ta musa, amma kasuwar ta girgiza. A 2021 kuma gobarar daji a jihar Oregon ta Amurka ta cinye wani yanki na dajin da aka riga aka sayar da takardunsa, hayaƙin da aka ce an ajiye ya koma inda ya fito. Mu da muka san abin da wutar daji ke yi a watan hunturu, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Da a ce iyakar labarin ke nan, da sai mu ce ku rufe ƙofa kawai. Amma akwai wani gwaji da aka yi a ƙasar Hausa, wanda ya fi duk waɗannan girma, kuma ba kamfani ne ya yi shi ba. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa a jihar Maraɗi, mafi yawansu suka mutu. Can ma dokar Faransa ta 1935 ta mai da itatuwa na gwamnati, manomi kuwa ya mai da sassabe ƙarƙaf al'ada. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin mishan, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa kowace bazara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bar su, aka sassabe sauran, cikin 'yan shekaru sai itace ya tashi, ba reno, ba ban ruwa. Da ma manoma sun san wannan, tsoron doka ne ya hana su. Suka sa masa suna sassabin zamani. Da farko mutane sun yi ta gudunsa, wasu sun karɓa ne kawai saboda abincin da ake rabawa a yunwar 1984, da abincin ya ƙare da yawa suka sare nasu. Abin da ya juya al'amarin shi ne lokacin da malaman daji suka sassauta, manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, ya sara reshe ya sayar ba mai kama shi. Daga baya dokar ƙasa ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara masa ƙarfin gwiwa. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka kafa kwamitin tsaron itatuwansu da kansu. Da masana suka duba hotunan sama, sai suka tarar wajen hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram da kewaye sun farfaɗo, da itatuwa kimanin miliyan 200, gawo ya fi yawa a wurare da dama. Kowa kuwa ya san halin gawo, ya zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi abinci.

Ba a tashi ƙauye ko ɗaya ba, ba a ja waya an kewaye gonar kowa ba. Iskar kabon da waɗannan itatuwa suka shanye kyauta ce talakawan Nijar suka yi wa duniya, su abin da suka nema shi ne itacen girki da harawa da ƙarin damin hatsi. Haka kuma Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, shi da abokan aikinsa sun nuna cewa gonakin kewayen birnin Kano, inda mutane suka fi cunkoso, ba su rasa itatuwansu ba, domin kowace bishiya tana da mai ita.

Wannan shi ne abin da muke da shi a Saulawa da sauran ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan. Mu ba mu da kurmi irin na Kuros Riba. Dajinmu a cikin gonaki yake: ɗorawa, kaɗanya, kuka, tsamiya, ɗinya, mangwaro, da rimin da Zazzau ta yi suna da shi. Ɗorawa guda tana da magada, ana raba ta a gado, ana jinginar da ita, kalwarta ce jarin matan da ke daddawa. Duk wanda ya ce zai sayi kabon ɗin wannan yanki, to waɗannan yake nufi, ko kuwa makiyaya da burtalin da suka rage yake so a ba shi ya dasa turare. In an ba shi burtali, ina shanun Fulani za su bi? Ta cikin gonar wa? Mun ga jinin da irin wannan ya jawo a wasu wurare, ba ma fatan ganinsa a nan.

Ba za mu ɓoye laifin gida ba. Itatuwanmu suna ƙarewa, kuma da hannunmu. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 komai ya yi tsada, gidaje da yawa a birni suka koma ga gawayi, motoci suna ta lodinsa, har kaɗanya mai 'ya'ya ba a bari ba. Wanda ya sayar da ɗorawar gado don kuɗin buhun taki ya san ya yi asara, yunwa ce ta sa shi. Saboda haka in akwai kuɗin da zai sa manomi ya bar itace a tsaye ya fi masa riba da ya sare, muna maraba da shi. 'Yan kanzagin gwamnati da za su ce mu maƙiya ci gaba ne su karanta wannan layi sau biyu.

Inda gizo ke saƙa shi ne dokar ƙasa. Tun shelar 1910 Turawa suka ce ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, dokar 1962 ta maimaita, dokar soja ta 1978 ta shimfiɗa shi a Nijeriya duka, har aka cusa ta cikin tsarin mulki. Bisa ga wannan doka gwamna yana iya karɓe gonarka in ya ce don amfanin jama'a ne, diyyar da za a ba ka kuwa ta shuka ce da gini, ba ta ƙasar ba. To, in ƙasa tana hannun gwamna, kabon ɗin da ke cikin ɗorawarka na wane ne? In ba a rubuta amsar wannan a doka ba tun yanzu, za a iya sayar da shi a Kaduna ko Abuja kai kana gona ba ka sani ba, sai ranar da ka ɗauki gatari za ka ji cewa an yi yarjejeniyar shekara 30 ko 40 a kan itacenka. Mutanen Bakolori sun ga yadda amfanin jama'a yake a watan Afrilu na 1980, da suka nemi diyyar gonakinsu aka amsa musu da bindiga. A jihar nan kuwa mun taɓa ganin gwamnatin da ta tsaya wa talaka, lokacin da Alhaji Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, ya kafa hukumar binciken gonakin da aka ƙwace. Ba a bar shi ya cika shekara biyu ba.

Don haka ga abin da muke nema, kuma muna so wakilanmu na majalisar jiha da ta tarayya su ji da kyau. In za a yi gwajin ajiyar kabon a itatuwa a wannan yanki, a yi shi yadda aka yi na rijiyoyin can: a fara da kaɗan, a ƙauye biyu ko uku da suka yarda da bakinsu a taron da aka yi a fili, da mata da makiyaya a wurin, ba a zauren hakimi da dare ba. A ƙidaya itatuwa a auna kaurinsu kafin a fara, a gaban masu gonakin, a bar musu kwafin lissafin. Masu aunawa kuwa muna da su. Samaru tana binciken noma tun 1922, tashar binciken itatuwa ta nan ta yi gwajin iri-iri a Afaka tun shekarun 1960, Jami'ar Ahmadu Bello tana yaye ɗalibai kowace shekara suna zaune ba aiki. Ba dalilin da zai sa a ɗauko wani daga Landan a biya shi da dala ya zo ya auna mana kuka. Kuma kada a auna itace kaɗai. A auna hatsin da gonar ta bayar, da nisan da mace ke tafiya neman itacen girki, da kuɗin da ya shiga hannun mai gona, a karanta sakamakon da Hausa a rediyo kowace shekara. In ya nuna talaka baya ya ci, a tsaya, kamar yadda aka tsaya a In Salah.

Kafin duk wannan, majalisar jiha ta yi doka mai gajeren layi cewa itacen da ke gonar mutum nasa ne, da 'ya'yansa, da reshensa, da kabon ɗinsa. A rubuta rabon jama'a a cikin dokar. Ƙasar Kenya ta yi haka a 2023, ta ce aikin kabon da aka yi a kan ƙasar al'umma a ba su abin da bai gaza kashi 40 cikin ɗari ba. Mu muna ganin ko wannan ya yi kaɗan ga wanda ya ba da gona da ƙarfinsa, amma ya fi babu. A kuma faɗi farashi a fili, gama a Turai kuɗin tan guda na hayaƙi ya taɓa haura yuro 100 a 2023, alhali takardar itatuwan ƙasashe irin namu sau da yawa ba ta kai dala 10 ba, kuma daga cikin goman nan dillalai suke fara cirar nasu.

Ku kuma jama'a, sassabin zamani ba ya jiran izinin kowa. Bazara mai zuwa, wanda ya ga tsiron gawo ko kalgo ko marke a gonarsa ya bar masa reshe biyu. Ranar da kuwa mota ta tsaya a ƙofar gidan dagaci aka fito da takarda da tawadar dangwale, kada wanda ya sa yatsa. Ku ce a karanta muku da Hausa, ku tambayi shekara nawa ne, da wanda zai saya, da nawa ne tan, da abin da zai same ku in wuta ta ci itacen ko kuka sare shi don rufin ɗaki. Ku karɓi kwafi ku kwana da shi, ku kawo shi ofishin jam'iyya na Ikara, ko na Makarfi, ko na Hunkuyi. Za mu sa lauya ya duba, mu kuma buga shi a wannan shafi yadda yake, da sunan kamfanin da na duk wanda ya sa hannu a madadinku.